Hannun da ke zuba buhu

Samarin da ke shiga sana'ar albasa yanzu a Tamaske da Madawa, tambayarsu ta farko ba ta wuce jari da mota. Ni da furfura ta same ni cikin wannan fatauci, na fi so su fara da wata: su wa zan yi aiki da su, kuma me zai sa su zauna da ni?

A idonmu aka yi abin da ya koya mini haka. A 1984, shekarar da fari ya ƙone Adar, aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita. Italiya ta ba da kuɗi, hukumar noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta riƙe aikin, hukumar abinci ta duniya, PAM, ta riƙa biyan ma'aikata da abinci. An kawo manyan injina, ba musu. Amma maza sun tafi cin rani Nijeriya da Kodebuwa, don haka waɗanda suka hau tsauni, suka ɗauko dutse a ka, suka jera shi a kan fako don tare ruwa, suka tona ramukan dashe, yawancinsu mata ne, wasu da goyo a baya. Miliyoyin itatuwan da aka dasa daga Ibohamane zuwa Garhanga, hannunsu ne. Me ya fito da su kowace safiya? An rubuta sunan mace, rabonta na shiga hannunta ita da kanta, ta ciyar da gidanta ba tare da roƙo ba. Na kuma lura, inda mutanen gari suka ɗauki aikin a matsayin nasu, duwatsun na nan a jere har yau.

Haka abin yake a fataucinmu. Albasa ba ta yafe sakaci. Guda ɗaya ruɓaɓɓiya a tsakiyar buhu ta isa ta ɓata saura kafin mota ta kai Akara ko Abijan, kuma mai kaya ba zai taɓa ganinta ba. Wanda ya sani shi ne mai zuba buhun. Yaron da ka ƙi sallama jiya, ka yi masa tsawa gaban mutane, don me zai sunkuya ya tsince ta? Shi ya sa ba na barin ɗan dako ya kwana da hakkinsa a aljihuna. Direba kuwa, in ya ce hanya kaza ba ta biyuwa, nakan bi maganarsa, don shi ya kwana a kanta. Manomin da ya ajiye mini kaya a rudu, wato rumbun albasa, tun girbi, in farashi ya tashi da damina, sai na ƙara masa wani abu ko bai tambaya ba. Wasu abokan sana'a na ganin wannan asara ce. Ban yarda ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta rufe iyakoki, motocin albasa suka maƙale a bakin iyakar Benin, kaya ya ruɓe a cikinsu. Yawancinmu bashi muka ɗauko a hannun manoma, babu takarda, babu shaida sai Allah. A watannin nan na ga mai motoci da yawa ya rasa wanda zai ba shi ko buhu ɗaya. Na kuma ga ƙaramin ɗan kasuwa da manoma suka aika wa cewa ya kwantar da hankalinsa, ya biya in hanya ta buɗe, suka sake cika masa mota da kaka.