Littafin Bashina Ya Koma Intanet

Albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12 ta Legas, kuma a waya nake rubuta sunayen waɗanda nake bi bashi. Ranar da aka zare mini ita a cikin danfo, lissafin duk ya bi ɓarawo.

Ɗan ƙanena ne ya buɗe mini Google Drive. Ya ce, "Baffa, wannan ajiyar tana kwamfutocin kamfanin ne, ko waya ta ɓace tana nan." Gigabait 15 suke bayarwa kyauta. Yanzu a takarda nake lissafi, da yamma in ɗauki hotonta in tura can.

Wanda zai buɗe, ya rubuta lambar sirrinsa ya adana a gida, don ita ce makullin. Allah Ya tsare mana guminmu, amin.