Yaro da takardar cefane

Kukan iyaye da yawa ɗaya ne: yaro ya kai aji huɗu a firamare, amma ko sunan unguwarsu ba ya iya haɗawa. Sai a ɗora wa malamai laifi, a ɗauko mai lesin, a tanadi bulala. Ni kuwa ina ganin akwai abin da muke tsallakewa. A gidaje da dama yaro bai taɓa ganin rubutu ya biya wa wani buƙata ba. A wurinsa kayan makaranta ne, ana tuɓe shi tare da yunifom.

To, a nema wa rubutu aiki a cikin gida. In za a aiki yaro cefane, uwa ta daina lissafa masa da baki. Ta yago bayan kwalin sukari, ta miƙa masa biro, ta ce rubuta: attaruhu, tattasai, daddawa, kuɓewa, manja rabin kwalba. Zai yi kuskure, kada a yi masa tsawa, kada ma a gyara. A bar shi ya je gaban mai kayan miya ya karanta abinsa. Ranar da ya kasa gane hannunsa ya kawo kuka a maimakon kuɓewa, kowa ya yi dariya, gobe da kansa zai zo tambayar yadda ake lanƙwasa ɓ.

Gidan da Allah Ya bar musu kaka kuwa sun tsinci dami a kala. Yarinya ta zama magatakardar kaka: tsohuwa na ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ita tana rubutawa a ragowar littafin zangon da ya wuce, ƙanenta yana zana Gizo a gefe. In an gama ta karanta wa kakar. Nan ake yin ta, don tsohuwa ba za ta yarda a rage mata ko kalma ba: "Ke ja'ira, ba haka na ce ba!" Sai an goge an sake, ana yi ana raha.

Alhaji Abubakar Imam ya san sirrin labari tun 1937, lokacin da littafi na farko na Magana Jari Ce ya fito. A cikinsa, da labari wani aku ya riƙa tsare Musa ɗan sarki dare bayan dare don kada ya fita. Uba ma zai iya wannan dabara. Bayan sallar isha ya karanta wa yara shafi biyu, in labari ya kai inda ya fi daɗi ya rufe littafin, ya ajiye shi inda hannun yaro zai kai. Wahalar ɗaya ce, kuma mu maza mun san ta: sai an baro majalisa da wuri, an kife waya.

Wasu na tsoron karatun Hausa zai ɓata wa yaro Turanci. Ban yarda ba. Rubutun boko na Hausa kusan yadda ake furta kalma haka ake rubuta ta, don haka yaro kan gane haɗa baƙi da wasali da wuri, a harshen da yake wasa da faɗa da shi. Wanda ya iya wannan, in ya zo kan Turanci sababbin kalmomi da ƙa'idojin rubutunsu ne suka rage masa. Wanda kuwa aka fara da shi a harshen da bai ji ba, sau da yawa hadda yake yi, yana bin layi da yatsa, iyaye na murna suna cewa ya iya.