Tukunyar da ba ta daina tsuwa

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san madafi yana da harshensa. Uwa tana tsakar gida tana tankaɗe, amma daga sautin tafasa kaɗai za ta gane ruwan tuwo ya isa talge, kuma idan ta jefa yankan albasa cikin man gyaɗa, ƙarar da ya yi ce za ta sanar da ita ko man ya yi zafi. Kayan girkin da muke saye yanzu sun zo da nasu harshen, na tsuwa da lambobi masu ƙyaftawa, littafin fassararsa kuwa, idan ma an sako shi a kwali, da Turanci ne ko Sinanci. A cikinsu ban ga mai yawan surutu ba kamar tukunyar suya da iska mai zafi, wadda 'yan kasuwa ke kira eya-firaya.

Wani injiniya ɗan ƙasar Holan, Fred van der Weij, shi ne ya ƙirƙiro samfurin da kamfanin Philips ya baje a kasuwar baje kolin kayan lantarki ta birnin Balin a shekarar 2010. Aikinta ba shi da wani siddabaru. A sama akwai naɗaɗɗen ƙarfe da ke yin ja, a kansa akwai fanka mai hura zafin da ƙarfi ta kewaye abincin da ke cikin kwando, har zafin ya kai digiri 200 a ma'aunin Salshiyas. A gaskiya gashi take yi, sunan suya ne kawai aka laƙa mata. Shi ya sa kaza da dankali da awara ke fitowa da kyau, ƙosai kuwa sai dai a haƙura, domin ƙullu mai ruwa yana bukatar ya yi iyo cikin mai.

Mu dalili biyu ne suka shigo da ita gidanmu. Likita ya ce Hajiya, mahaifiyata, ta rage maiƙo saboda hawan jini, ita kuwa ba ta yarda dafaffen nama abinci ne ba. Sannan ga tsadar man girki da ta iskar gas, waɗanda suka ƙara nauyi a kan albashin malami tun daga shekarar 2023. Ta yi mana wata huɗu lafiya lau. Daga nan sai ta tsiri wata ɗabi'a: a kunna ta, ta yi minti ɗaya ko biyu tana aiki, sai fitilunta su ɗauke, su dawo, ta yi tsuwa, ta tsaya. A sake saita ta, ta maimaita. Uwargida ta ce, "Malam, ko dai ka samo mata magani, ko na mayar da ita kwalinta, tunda kaskona bai taɓa yi mini kuka ba."

Ba kowace tsuwa ce alamar ciwo ba, kuma daga nan ya kamata mai bincike ya fara. Tana yin tsuwa idan an jona ta, tana yi idan lokacin da aka saita ya cika, wasu kuma sukan yi a tsakiyar aiki don a girgiza kwando a juya abinci. Wanda bai san wannan ta ukun ba yana iya ɗaukar lafiyayyar tukunya ya kai wa mai gyara. Sai kuma kwandon kansa. Akwai ɗan ƙaramin makunni a ciki wanda kwando ke dannawa idan ya shiga daidai. In an cika shi fiye da kima, ko ɓurɓushi da daskararren maiƙo sun tokare hanya, na'urar za ta ɗauka a buɗe take, ta ƙi aiki. Masu allon taɓawa kuma suna da nasu raunin, domin ɗigon ruwa ko shafin mai a kan allon yana iya zame musu kamar yatsan mutum. Duk waɗannan tsumma mai ɗan danshi ke maganinsu, bayan an zare filogi an bar ta ta huce. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, tsuwa tana nan.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne lokaci. Na lura da safe ba ta cika yin wannan rigima ba, sai daga magariba zuwa bayan isha'i, lokacin da kowane gida a unguwa ya kunna abin da yake da shi. Na ari ma'aunin wuta wurin wani abokin aiki a sashen injiniya, na sa a soket. An ƙera tukunyar ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, mizanin ƙasar nan kuwa 230 ne. Da magariba abin da ke iso mana bai wuce 170 ba, kuma da zarar ƙarfen zafin ya kama, ya fara jan wat 1,500 ɗinsa, sai lambar ta ƙara faɗuwa. A nan ne ɗan allon da ke sarrafa na'urar yake rasa abin da zai riƙe shi, ya mutu, ƙarfen ya saki, wuta ta ɗan farfaɗo, allon ya tashi ya yi tsuwar nan ta gaisuwa kamar yanzu aka jona shi. Haka za su yi ta zagaye. Ko da ma ba ta mutu ba, lissafi ya nuna zafin ƙarfen yana raguwa fiye da yadda ƙarfin wutar ya ragu: a bolt 170, abin da zai bayar kaɗan ne ya ɗara rabin zafinsa. Matar da ke zargin kanta da rashin iya sarrafa kayan zamani saboda kazarta ta ƙi yin ja, sau da yawa laifin yana kan turken wuta ne.

Wannan lissafin ya shafi ƙaramin janareta, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, da ƙaramar inbata, da siririyar wayar nan mai rassa da ake jona firji da tukunya da cajar waya duk a kai. Ta ƙarshen ta fi ba ni tsoro, domin ita ba ta tsuwa, zafi take ɗauka a ɓoye har robarta ta narke. Tukunyar tana bukatar soket ɗin bango nata ita kaɗai, da tazarar kamar tafin hannu tsakaninta da bango don iska ta fita. A ƙasarmu ta hunturu kuma, ƙura kan haɗu da maiƙo ta toshe kafofin iskar, zafi ya taru, na'urar ta kashe kanta tana ƙara. Idan kuwa allo ya nuna lamba irin E1 ko E2, a yawancin samfura ma'aunin zafin da ke ciki ne ya samu matsala, wannan kam aikin mai gyara ne.

Sai dai a zaɓi mai gyaran. Kafin na gano zancen wuta, na biya wurin wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ya juya ta, ya ce, "Yallaɓai, ai abin mai sauƙi ne. In cire mata ɗan abin kukan, in haɗe wayar makunnin kwandon kai tsaye, ka huta." Na ce masa, "Malam, idan an toshe wa yaro baki, zazzaɓin ya sauka ke nan?" Ya yi dariya, ya ce da yawa haka suke so. Na yarda da shi, kuma abin da ya dame ni ke nan. Tukunyar da aka haɗe wa makunni za ta ci gaba da hura zafin digiri 200 ko da yarinya ta zaro kwando, a madafin da galibi tulun gas yana gefe. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Mai shigo da kaya da ke iya buga sunan shagonsa a jikin kwali yana iya buga rabin shafi da Hausa, ya bayyana ma'anar kowace tsuwa da ƙarfin wutar da ake bukata. Masu sayen na hannu kuma su duba ƙasan tukunya: wadda aka yi don Amurka bolt 120 take sha, wutarmu ƙona ta za ta yi nan take.

Na tambayi kuɗin sitabilaiza mai girman da zai ɗauki wannan nauyi, domin ƙaramar ta talabijin ba za ta iya ba, sai na tarar ya kusa kuɗin tukunyar kanta. Uwargida ce ta yanke hukunci. Yanzu da hantsi ake gasa naman Hajiya, lokacin da wuta ke cika, a ajiye mata a kula har dare. Minti 20 na aiki yana cin kamar rabin yunit a mita, ta lissafa ta ce ya fi mata ludayin mai araha. Ranar da ba a kawo wutar ba kuwa, sai a hura gawayi.