Daga Tafireta Zuwa Ɗakin Inna

Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar ɗakin nan. Tafireta takwas ne a jere, kowa na dukan tasa, sai ka ce ruwan farkon damina a kan rufin kwano. Can ƙararrawar ƙarshen layi ta buga, a tura kan keken ya koma baya, a ci gaba. Nan na kama aiki, a wata ma'aikata a Kaduna, cikin shekarar 1983, ina 'yar shekara 20, da takardar shaidar koyon bugu da na samo a wata ƙaramar makaranta a Sabon Garin Zariya. Wata Olympia aka ba ni, mai nauyin gaske, sai da masinja ya rungumo ta da hannu biyu ya dire mini a tebur.

Ni ce mace ta farko a gidanmu da ta fita aikin albashi, amma neman na kai kam a ɗaki na tarar da shi. Inna, Allah ya jiƙanta, ban tuna ranar da na ga hannunta babu allura ba. A cikin birnin Zariya muke, garin ɗinkin babbar riga, kuma a zamanin ƙuruciyata ne mata suka soma shiga aikin da a da maza ke yi a zaure. Mai riga zai aiko yaro da ƙyalle an riga an zana shi, da zare. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta inda haske ke shigowa, ta yi ta cika zanen nan, wani aikin mako biyu, wani wata guda. In ta gama, ni ake ɗora wa in kai, in karɓo kuɗin in ƙulle a bakin zane. Ba ta taɓa ganin wanda zai sa rigar ba. Ko hakimi ne, ko ango ne a Kano, oho, nata dai kada zare ya kauce wa zane. Ranar da takardar ɗaukata aiki ta iso, ta dube ni ta ce, “Ke kam kin huta da zaman ɗaka.” Ni ma a lokacin haka na ɗauka.

Aikin tafireta ba ya yafiya. Wasiƙa ɗaya za ka jera takarda huɗu da kabon uku a tsakani, in ka yi kuskuren harafi guda sai ka bi kowace takarda ka goge. In sanarwa ce da za a raba wa ofisoshi da yawa, sai a cire ƙyallen tawada a bugi sitensil, a kai injin Gestetner a yi ta juya hannu. Wurin da ya fi ba ni daɗi shi ne wasiƙun Hausa da ake aika wa hakimai da dagatai. Kekunanmu ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, don haka in na gama bugu sai in ɗauki biro mai baƙar tawada in bi layi-layi ina yi wa haruffa lanƙwasa. Wasu sukan bar su haka, wai ai mai karatu zai gane. Ni ba na iyawa. Baba ya koya mini karatu da Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a garinmu tun 1939, kuma a wurinsa na ji cewa tsakanin kafa da ƙafa akwai tafiya mai nisa.

Shekarata ɗaya da fara aiki aka zo da yaƙi da rashin ɗa'a na 1984, ana rufe ƙofa da safe, wanda ya makara ya ga ta kansa. Sai kuma watan Satumba na 1987, da aka cire Jihar Katsina daga Kaduna. Mu aka ba jerin sunayen ma'aikatan da za su koma sabuwar jiha. Ina cikin bugu na iso kan sunan wadda teburinta ke kusa da nawa, 'yar Malumfashi, wadda muke cin abinci a kwano ɗaya, muke zubin adashi tare duk ƙarshen wata. Na buga sunan daidai, na zare takardar, sannan na fita bayan ofis na yi kukana. A ɗakin nan aka yi mini anko ranar aurena, daga nan aka yi ayari aka zo mini suna har sau huɗu.

Akwai wata ƙa'ida da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma duk mai bugu ta ƙwarai ta san ta: oga ba ya kuskure. In ya rubuto abu a karkace, ke za ki miƙe shi shiru, ki kai masa ya sa hannu, “Ranka ya daɗe, ga ta.” Shekara da shekaru ina gyara maganar manya har abin ya zame mini jiki.

Kwamfuta ta zo ta watsa ɗakin a hankali. Aka tura mu kwas, muka koya, amma samarin da ake ɗauka kowa na buga takardarsa da kansa. Kekunan nan takwas aka jibge su a sito. Na ƙarasa shekaruna a matsayin sakatariya, ina tsare ƙofa da shigar da fayil, har na cika shekara 35 a 2018 na yi ritaya. Kuɗin sallama suka yi jinkiri. Na gwada sarin atamfa, bashi ya cinye jarin, don ba na iya tsayawa a ƙofar mutum in ce a biya ni. Ana cikin haka maigida ya rasu. Bayan na fita takaba na tattara na koma Zariya, gidanmu na gado, aka buɗe mini ɗakin Inna.

A nan kullen korona ya same ni, ƙarshen watan Maris na 2020. Ɗan ƙanena, wanda makarantarsu ta rufe ya dawo gida, ya ga yadda nake zama shiru tun daga hantsi har la'asar. Wata rana ya shigo da kwamfutarsa ta hannu ya durƙusa.

“Gwaggo, har yanzu kina iya bugu ba tare da kin duba hannunki ba?”

Na ce masa abin da hannu ya koya ai sai kabari.

“To akwai masu neman wanda zai saurari magana da Hausa ya rubuta ta. Daga nan ɗaki za ki yi, su biya ki.”

Na tambaye shi ina ofishinsu yake, wa zan je in gaisar. Ya ce babu inda za ni. Gaskiya ban yarda ba, don na sha jin yadda ake damfarar mutane a intanet, kuma har yau ina gaya wa duk wanda ya tambaye ni: aikin da aka ce sai ka fara biyan kuɗi kafin a ba ka, guje shi. Wannan ba su nemi ko kwabo ba, gwaji kawai suka turo, muryar wani mutum ta minti 10.

Na faɗi gwajin nan. Babu harafi ɗaya da na kuskure, amma sai amsa ta zo cewa abin da na rubuta ya fi abin da mutumin ya faɗa kyau. Inda ya yi in-ina na share, inda ya maimaita kalma na bar guda, inda ya ce “shina zuwa” na mai da shi “yana zuwa”. Oga na ɗauke shi. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Ina da shekara 57, sai ga shi an ce in zubar da abin da na fi alfahari da shi a sana'ata. Da na sake zama da safe, na saurari muryar a karo na biyu, sai na ji abin da ban ji ba jiya: mutumin Basakkwace ne, kuma “shina” ɗin nan tasa ce, gadonsa ce, ba ni da hurumin taɓa ta. Bayan mako biyu aka bar ni na sake gwaji, na wuce.

Tun daga nan kunnena ya shiga makaranta. Na rubuta maganar Katsinawa da Haɗejawa, da ta mutanen Maraɗi da Damagaram masu jefa Faransanci a tsakiyar zance, da ta 'yan zangon Kumasi. Wani aikin na masu bincike ne da suka yi hira da manoma ko ungozoma, wani na masu fim ne da ke son rubutu a ƙasan hoto, wani kuma na kamfanonin da ke koya wa na'ura jin Hausa. Da minti ake biya, mintin murya, ba mintin zamana ba. Awa ɗaya ta magana takan ci mini awa biyar, in akwai hayaniyar kasuwa ko mutum uku na magana lokaci guda ta fi haka. Ka ji, ka tsayar, ka mayar baya, ka sa alamar lokaci, ka nuna wane ne ya karɓi magana. Kuma yanzu ƙ da ɗ da ɓ suna nan a ƙarƙashin yatsuna. Ranar da yaron nan ya nuna mini inda suke, sai da na cika layi guda da su kafin in ci gaba.

Wahalar aikin ba a ɓoye take ba. Kuɗin wata uku na farko gaba ɗaya a faifan sola da batir suka tafi, kuma na gode Allah da na yi hakan da wuri, don bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya fi ƙarfin irinmu. A watan Oktoba na 2024, da Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu, ɗakina ya zama wurin cajin wayar unguwa, ni kuma ina lallaɓa batir don in miƙa aiki kan lokaci. Wani watan aiki ya yi yawa har bayana ya riƙe, wani watan ko gaisuwa babu. Babu hutun shekara, babu fansho, babu wanda zai lura ba ka da lafiya sai ka faɗa. Yanzu ma sau da yawa na'ura ce ke fara rubutawa, a turo mini in gyara, kuɗin kuma ya ragu. Na ga yadda aka yi da tafireta, don haka ba na yaudarar kaina cewa wannan zai dawwama. Duk da haka, da shi na biya wa autata kuɗin makaranta, da shi na sake rufin ɗakin nan, ban miƙa hannu ga kowa ba.

Abin da kuɗin ba su saya mini ba shi ne mutane. An ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, to ni ina jin daɗin bana kuma ina tuna bara. Wadda ke turo mini aiki shekara uku ke nan, a Nairobi take, agogonsu na gaban namu da awa biyu. Mace ce mai kirki, da na gaya mata an yi mana rasuwa ta ƙara mini kwana uku. Amma ban san tsayinta ba, ban san dariyarta ba, ba za mu taɓa haɗa kwano ba. Makwabta kuma sun daɗe kafin su yarda aiki nake yi. “Ai Hajiya tana gida,” sai a turo a ce in zo rakiya asibiti, ko a kawo mini jariri in riƙe. Ban ga laifinsu ba. Daga baya na lura duk lokacin da na ce musu “aikin hannu ne aka kawo, ana jira,” sai su gane nan take, musamman tsofaffin da suka san Inna. A bakin ƙofar da take zama na ajiye teburina, don har yanzu nan ne haske ya fi shigowa. Aiki na zuwa a zane, in cika shi, in mayar wa mutumin da ban taɓa gani ba. 'Yar aiken ce kawai ta canza.

Kwanakin baya aka turo mini wata hira da aka ɗauka a cikin wani gida, daga jin harshen ba su da nisa da mu. Ana tsakiyar tambaya sai wata tsohuwa daga can nesa, wadda ba da ita ake hirar ba, ta ɗaga murya ta ce, “Ke, zo ki kai rigar nan kafin magariba.” Na cire abin kunne na ajiye. Na daɗe ina kallon tsakar gida, jikata na wanke kwanuka a gindin rijiya. Ƙa'idar aikin ta ce in murya ta fito daga gefe ana iya sa alama kawai a wuce. Na mayar da muryar baya sau uku, na sa alamar lokaci, na rubuta maganar tsohuwar gaba ɗaya yadda ta faɗe ta.