Ruwan Gure da na'urar tausasa shi

A Gure kowa ya san ruwa iri-iri ne. Wata rijiyar ruwanta daɗi, wata kuma a kwarin kanwa, ko dabba sai ta yi shakka kafin ta sha. Shi ya sa nake jinjina maganar na'urar tausasa ruwa da wasu ke son sakawa a gida.

Aikinta ɗaya ne. Ruwa yana ratsa wasu ƙananan ƙwayoyi a cikin tanki, su riƙe kalsiyam da magniziyam, waɗanda ke barin farin ɓawo a buta, su hana sabulu kumfa. A madadinsu sai su saki sodiyam. In ƙwayoyin sun cika, a wanke su da ruwan gishiri, a zubar. Gishirin ma sai mai tsabta. Mangul ɗinmu, da ƙasa da kanwar da ke cikinsa, toshe ta zai yi.

Abin da ke damuna shi ne, ruwan kanwa tun asali sodiyam ne ya yi masa yawa. Na'urar ba ta cire shi, ƙarawa take yi. Ga mai hawan jini wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Ga kuma ruwan da wankin ke cinyewa, a garin da ake tattalin kowace jarka, da ruwan gishirin da in an zuba shi gindin shuka zai kashe ta.

Ɗan'uwa, kafin ka fitar da kuɗinka, kai ruwan gidanka a gwada maka shi.