Ranar da Inji Ya Mutu Mana a Ruwan Shiroro

Mu Hausawan Chanchaga mota muka sani, ba jirgin ruwa ba. Baba ya aike ni saro busasshen kifi, jarinsa duka a aljihuna. Daga Zumba na shiga jirgi zuwa tsallake. Da kyar injin ya tashi, muna tsakiyar ruwa ƙarfinsa ya ragu, ya mutu. Na fara salati. Matuƙin bai ce uffan ba. Ya kwance fulogi, baƙi ƙirin, ya goge. Ya tsiyaye kafireta, sai ga ruwa kwance ƙarƙashin fetur. Ya canza jarka, ya ja igiya, inji ya amsa. Tun ranar, kafin in tambayi kuɗin jirgi, sai na leƙa jarkar mai. Allah ya tsare mu.