Wa ya ce ɗan shekara arba'in ya makara da koyon kwamfuta?

Masu bibiyar wannan shafi sun san mai shi ya rage tanka wa kowace magana, musamman tun bayan cacar bakin da aka yi da shi kan rubutunsa na digiri da sana'a. Amma abin da ya gani daren jiya a wani zauren WhatsApp na masu koyon fasahar kwamfuta ya hana shi yin shiru. Wani malamin firamare, wanda da bakinsa ya ce ya haura shekara 40, ya yi sallama cikin ladabi ya tambayi ta ina ake fara karatun takardar shaidar CCNA. Kafin a samu mai ba shi amsa, yara sun cika wurin da hotunan dariya. Ɗaya ya ce, "Baba, ai wannan layin namu ne, ku je ku jira fansho." Wani ya tambaye shi me ya karanta. Da ya ce NCE gare shi a Hausa da Islamiyya, sai aka sake kecewa da dariya. Bawan Allah bai ƙara cewa uffan ba.

Tambayoyi biyun nan, shekarunka nawa da me ka karanta, kamfanonin da suka mallaki jarrabawar ba sa yin su. Cisco, mai CCNA, ba ta neman digiri ko difloma ko sakamakon WAEC kafin mutum ya yi rajista. Tun watan Fabrairun 2020 jarrabawa ɗaya ce, mai lamba 200-301, ana yin ta cikin minti 120, kuɗinta dala 300. Dokar shekaru ɗaya da kamfanin ya kafa ta ƙasa ce: wanda bai kai 13 ba ba zai zauna ba, daga 13 zuwa 17 kuma sai da yardar iyaye. Ta sama babu iyaka. Haka A+ ta CompTIA, wadda ake yi tun 1993, takarda biyu ce kuma ba ta da sharaɗin karatu. Ita kuwa Google da ta fito da kwas ɗinta na kula da kwamfutocin ofis a Coursera a 2018, cewa ta yi ƙarara don waɗanda ba su da digiri ko ƙwarewa ta yi shi. Masu abu sun buɗe ƙofa, sai ga ɗan koyo, wanda shi ma bai ci jarrabawar ba tukuna, ya tsaya a bakinta yana duba furfurar mutane.

Wani ɓangare na wannan raini daga labaran yaran nan masu baiwa yake fitowa. Arfa Karim 'yar Pakistan ta ci jarrabawar Microsoft a 2004 tana da shekara 9, har aka gayyace ta ta gana da Bill Gates; Allah ya yi mata rasuwa a 2012 tana 'yar 16. A 2014 kuma Ayan Qureshi na birnin Coventry a Ingila ya ci tasa yana ɗan shekara 5. Ana yawo da irin waɗannan labarai don a nuna cewa kwamfuta ta yara ce. Ba a cika faɗin cewa mahaifin Ayan sana'arsa ke nan ba, kuma yaron a cikin wayoyi da tsofaffin kwamfutocin gidansu ya buɗi ido. Darasin labarinsa shi ne jarrabawa ba ta san shekaru ba, ta kowane gefe.

Duk wanda ya san harkar ya san ɗakin jarrabawar nan gamin gambiza ne. A Amurka, tun da ma'aikatar tsaron ƙasar ta fitar da umarni mai lamba 8570 a 2005, wanda ya wajabta wa masu taɓa tsaron kwamfutocinta riƙe takardar shaida, Security+ ta CompTIA ta zama jarrabawar sojoji da tsofaffin sojoji. Mutum zai gama shekara 20 yana soja, ya ajiye kaki, ya ɗauki littafi, kuma ba wanda zai ce masa Baba. A nan gida ma jama'ar iri-iri ce. Akwai mai gyaran waya a Farm Centre ta Kano da mai haɗa kwamfuta a titin Beirut, waɗanda hannunsu ya san aikin fiye da na ɗalibin aji huɗu a jami'a, takarda kawai suka rasa da za su ajiye a gaban manajan kamfani. Akwai mai HND da ya gaji da jin cewa takardarsa ba ta kai digiri ba. Akwai matar aure da ta karanta ilimin sinadarai, haihuwa da raino suka zaunar da ita, yanzu tana neman aikin da za ta yi daga ɗakinta. Akwai ma'aikacin gwamnati da aka damƙa wa ɗakin kwamfutocin ma'aikata don kawai shi ne ya iya saita firinta, yana so ya san abin da yake yi.

Su yaran da ke dariya kuwa, da za su yi lissafi da sun sassauta. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibin da ya yi shekara biyu yana neman gurbi, ya haɗu da waɗannan biyun, zai fito shekarunsa sun ja. Hukumar yi wa ƙasa hidima ba ta tura wanda ya haura 30 lokacin kammala karatu, takardar yafewa take ba shi. Tallan ɗaukar sababbin ma'aikata a bankuna da manyan kamfanoni kuwa kowa ya saba ganinsa: kada mai nema ya wuce 26 ko 27. Wato shi kansa mai cewa "layin namu ne", saura ƙiris wani ofishi ya ce masa ya tsufa, kuma ranar zai ji zafin da malamin nan ya ji jiya.

Za a ce mai wannan shafi yana yaudarar dattawa, tunda kasuwa ba ta son ɗan koyo mai shekara 40. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Matakin farko a wannan sana'a yawanci aikin amsa koke ne: wannan ta manta lambar sirri, wancan intanet ɗinsa ya yanke, a je a ja waya a saman silin. Albashinsa ƙarami ne, kuma magidanci mai 'ya'ya biyar ba zai iya ajiye aikinsa ya koma can ba. Shi ya sa tambayar da ta kamata a yi wa malamin ita ce, "Malam, me kake so ka yi da shi?" Ita ce kaɗai tambaya mai amfani, kuma ita ce ba wanda ya yi.

Domin in amsarsa ita ce yana son ya ci gaba da zama a harkar ilimi, to hanya a buɗe take. Tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta, kuma kowace cibiya ɗaruruwan kwamfutoci ne haɗe da juna a kan netwok ɗaya. In suwic ɗaya ta mutu ana tsakiyar jarrabawa, ɗalibai da yawa ne za su zauna suna kallon allo. WAEC ma ta fara gwada jarrabawar kwamfuta ga masu zaman kansu a 2024. Makarantu masu zaman kansu suna ta sayen kwamfutoci ba su da mai kula da su. Mutumin da ya san aji, ya san halin ɗalibi da na shugaban makaranta, sannan ya iya haɗa netwok, ya fi saurayin da bai taɓa tsayawa gaban allo ba amfani a irin wannan wuri. Haka akawun da ya koyi sarrafa bayanai, ko ma'aikaciyar jinya da ta koyi manhajar ajiye bayanan marasa lafiya. Babba ba daga sifili yake farawa ba, sai dai in ya yi kuskuren jefar da abin da ya sani ya shiga tseren yara a filinsu.

Akwai ma takardun da shekaru ne jarinsu. CISSP, wadda ake ji da ita a fannin tsaron intanet, ba a ba mutum ita sai ya nuna shekara 5 na aiki a aƙalla biyu daga cikin fannoni takwas da ta ƙunsa. Digiri shekara ɗaya tak yake rage masa. Wanda ya ci jarrabawar ba shi da wannan ƙwarewa, sunan mai jiran gado ake ba shi har sai ya cika.

Za kuma a ce, kamar yadda aka ce wancan karon, wai ana zuga yara su bar jami'a. Ba a faɗi haka ba a da, ba kuma a faɗa yanzu. Tun da Farfesa Isa Ali Pantami ya fitar da littafinsa kan fifikon ƙwarewa a kan digiri kaɗai a 2022 ake wannan musu, kuma da yawan masu musun sunan littafin kawai suka karanta. Shugaban hukumar NITDA, Kashifu Inuwa Abdullahi, digirinsa na kimiyyar kwamfuta daga jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi yake, kuma yana riƙe da CCIE, babbar takardar Cisco wadda gwajinta na aikin hannu awa 8 ake yi. Bai zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. Mai halin yin digiri ya yi. Magana a nan a kan wanda bai samu ba ce, ko wanda ya samu a wani fanni, ko a bar shi ya zauna ya koya cikin mutunci.

Abin da ke kayar da mutane a gaskiya daban ne, kuma bai bar yaro ko babba ba. Na farko kuɗi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. A kan 1,500, dala 300 ta CCNA naira 450,000 ce, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Albashin fiye da wata shida ke nan a jarrabawar awa biyu, wadda in an faɗi sai an sake biya. Ko jarrabawar farko ta kamfanin AWS dala 100 ce, ta gaba da ita 150. Bayan kuɗi sai Turanci, domin tambayoyin dogaye ne masu lauje cikin naɗi, sai wuta da data, sai lokacin karatu ga wanda ke dawowa gida a gajiye. Lissafin da ake tsorata mutane da shi, na rarraba adireshin IP, bai wuce ninka biyu sau biyu har zuwa 256 ba, tare da ragewa. Wanda ke koya wa 'yan aji huɗu jadawalin sau zai iya shi cikin 'yan makonni.

Saboda haka shawarar da mai wannan shafi ke iya bayarwa, daga ɗan abin da ya sani, ita ce kada kowa ya fara da biyan kuɗin jarrabawa. Manhajar Packet Tracer kyauta ce ga wanda ya yi rajista da makarantar Cisco ta intanet, kuma da ita mutum zai haɗa rauta da suwic a kan allo, ya lalata, ya gyara, ba tare da ya sayi ko waya ɗaya ba. Jeremy's IT Lab yana da cikakken darasin CCNA kyauta a YouTube, Professor Messer kuma yana da na A+ da Network+ da Security+. Shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023, da burin horar da mutum miliyan 3, ya fara da rukunin mutum 30,000, kuma ba a biyan kuɗin horon. A yi wata biyu ko uku a nan tukuna. Wanda ya ga zuciyarsa ba ta kwanta da abin ba, bai yi asarar komai ba sai data. Kuma a tuna takardun Cisco da CompTIA da AWS shekara 3 suke yi a sabunta su, don haka cin jarrabawa a ajiye takarda a akwati ana jiran "wata rana" ɓarnar kuɗi ce.

Sai maganar tambayoyin sata da ake sayarwa, a haddace a je a zuba. Wasu daga cikin masu cika baki a zaurukan nan da su suka ci. Ranar ganawar ɗaukar aiki ake gane su, in aka ajiye musu na'ura aka ce su saita. Su ne kuma suke sa masu ɗaukar aiki suna raina takardar kowa. Kamfanonin jarrabawar suna soke takardar wanda suka kama.

Sannan su masu ganin sun riga kowa, su tambayi waɗanda suka sha wahalar MCSE da MCSA. A ƙarshen Janairun 2021 Microsoft ta daina yin jarrabawarsu, aka koma sababbin takardu na Azure. Ƙwararru masu shekara 15 a bakin aiki suka koma ɗalibai. A wannan sana'a kowa sai ya sake zama ɗan koyo, sau da yawa ma, kuma wanda bai iya zama kusa da wanda ya girme shi ko wanda shi ya girma a aji ɗaya ba ba zai daɗe a cikinta ba.

Wannan raini ba tarbiyyarmu ba ce, shi ya sa ya fi ciwo. A makarantar zaure, bayan sallar asuba, ɗan kasuwa mai shekara 60 yana zama a tabarma ɗaya da saurayi ɗan 18, kowa da littafinsa, kowa yana jiran layinsa ya biya, kuma ba a taɓa jin an ce wa dattijon ya je ya jira fansho ba. Kowa ya iya cewa gemu ba ya hana ilimi, amma da zarar ilimin ya zama na kwamfuta sai a manta. Suratul Hujurat ta hana izgili a fili, ba ta kuma ware na bayan allon waya ba. Yaron da ba zai iya kallon idon sa'an mahaifinsa ya faɗi maganar nan ba, bai kamata ya rubuta ta ba. Masu kula da zaurukan su ma da laifinsu, suna gani suna shiru don kada a ce sun cika tsanani.

Mai wannan shafi ba shi da makarantar da yake tallatawa, ba ya kuma karɓar kuɗin kowa, kafin wani ya zo da wannan. Roƙonsa ɗaya ne. Duk wanda ya ci ɗaya daga cikin jarrabawar nan bayan ya haura 35, ko ya ci ba tare da digirin kwamfuta ba, ya daure ya rubuta a ƙasa shekarunsa lokacin da ya fara, abin da ya karanta tun farko, da aikin da yake yi yanzu. Wanda ya ci bai samu aiki ba shi ma ya faɗa, don masu niyyar farawa su ji duka ɓangarorin kafin su taɓa kuɗinsu.